Ranar Da Dada Ta Faɗi Sunan Salihu

Duk wanda ya taɓa zuwa a tura masa waƙa a memori a Birnin Kudu ya san Salihu Mai Kwamfuta, ɗan kawuna, taubashina. Dogo ne siriri, in ya tsaya a bakin shagonsa sai ka rantse eriya aka kafa. A Basirka ta ƙasar Gwaram aka haife shi, kafin a yanke Jigawa daga Kano, kuma tun yana ƙarami babu rediyon da ya shiga gidansu ya fita da hanjinsa cikakke. Da aka ba shi fartanya sai ya tambayi inda ake kunna ta.

Shi ne ɗan farin Dada. Ita kuwa mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yabonsa, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. Sai dai "kai", ko "wancan". Ko wani Salihun ne ya zo sayen ƙuli, sai ta ce masa "mai sunan wancan". Salihu yakan yi dariya ya ce ai al'ada ce. Dariyar dai ba ta kai ciki.

Da ya kama shago a Birnin Kudu, ya sayi kwamfutar cinya ta hannu, mai ƙugi kamar injin niƙa. Da ita yake buga katin biki, yana cika wa mutane memori da wa'azi da waƙa. Sannan ya buɗe shafi a intanet wai don duniya ta san Basirka. Masu leƙa shafin a lokacin ba su wuce shi da wani kawu da ya ɓata hanya ba, amma in ka ji bakinsa sai ka ce daga Makka ake layin karantawa.

Saboda shafin nan ya ɗauro kwamfutar a bayan babur ya kawo ta gida, zai ɗauki waƙoƙin daka na tsofaffi. Ya ajiye ta a kan tabarma a gaban Dada.

"Dada, ki ɗan yi mana wadda kike yi in ana surfe."

"Kai, ɗauke min wannan faranti. Ni ce zan yi wa ƙarfe waƙa?"

Ana cikin haka aka kira La'asar. Ya tashi ya tafi masallaci, ya manta bai tsayar da ɗaukar murya ba.

Sai da ya koma shago ya saurara. Da farko kukan kaji ne da ƙarar tsintsiya. Can sai tsintsiyar ta yi shiru, aka ji takun Dada ta matso, ta ƙwanƙwasa murfin da ɗan yatsa.

"To, ke ce kika ɗauke min shi? Kullum yana gabanki, ko abinci ba ya ci. Ki dinga barinsa yana hutawa, kin ji? Salihu ne fa. Salihuna."

Ta ja tsaki, tsintsiya ta ci gaba.

A ranar bai sake buɗe wa kowa ƙofa ba. Mutumin da ya kwafa wa rabin Jigawa abin da suke so, wannan guda ɗaya ya kasa kwafarsa. Ya san halin sana'arsa: abin da ya shiga memori yau, gobe yana wayar mai shayi a Wurno. Idan Dada ta ji cewa muryarta na yawo tana faɗin sunan ɗan farinta, ina za ta sa kanta? Bai ɗora a shafi ba, bai sa a filas ɗin kwamfuta ba, ko matarsa Kubra bai kunna wa ba. Ya ɓoye shi can cikin kwamfutar, in shago ya yi shiru sai ya sa abin ji a kunne.

Dada ta rasu da kaka, ana tsakar yankan dawa. Bayan an watse daga zaman makoki, muryar nan ce ta riƙe shi. Ya ce zai kwafa, yanzu ai babu mai jin kunya. Amma duk sanda ya ɗauko filas sai ya ji kamar zai fitar da ita tsakar kasuwa ba mayafi, ya mayar. Gobe, in ji shi.

Da damina wutar lantarki ta dawo da ƙarfi, kwamfutar tana jone. Ta yi ƙara, ta yi ƙauri, ta mutu. Ya rungume ta kamar mai kai jariri asibiti, sai shagon Micah mai gyara. Micah ya kwance ta, ya ciro faifan ajiyar, ya gwada nan ya gwada can, har Kano ya kai shi. Ya dawo yana girgiza kai.

"Malam Salihu, faifan ya ƙone. Amma ai kana da kwafi, ko? Kai da kake yi wa mutane faɗa a kan haka?"

Salihu ya karɓi faifan. "Kunya na ji," ya ce.

Ya hau babur zuwa Basirka wurin Hajjo, aminiyar Dada tun suna 'yan mata, ya zauna ya ba ta labarin duka. Yana so ko mutum ɗaya ya ce masa haka ne.

Hajjo ta riƙe haɓa. "Dada? Ta faɗi sunanka? Haba ɗan nan. Ku danginku da ƙarin gishiri! Matar da ko a naƙudarka ba ta yi ƙara ba? Allah dai ya ji ƙanta."

"Amin, Inna," ya ce.

Shagon yana nan har yau, kuma duk tsohuwar da ya ɗauki muryarta sai ya ajiye a wurare da yawa kafin ta gama ɗaura kallabi. Ƙonannen faifan yana cikin durowa, naɗe a ɗankwalin Dada. Kwanan baya ya ce ya fara mantawa ko ta ja tsakin ne kafin sunan, ko bayansa. Ana tsokanarsa a kan tsayinsa, a kan babur ɗinsa, a kan shafin da ba mai leƙawa. A kan wannan kuwa, ko taubashi ba ya buɗe baki.