Ƙafata Ba a Ɗaure Ta

Ƙanin matata ne ya ɗauke ni a waya na faɗi wanwar, ya tura wa mutane. Abin da ya yi mini ke nan, ban ƙara masa ba.

Shekaru na yi ina tuƙa kwale-kwale a dam ɗin Karaye, kafin ciwon suga ya raba ni da ruwa. A asibiti aka ce in riƙa motsa jiki. Shi kuma lokacin ya buɗe shago a cikin gari, ya zuba ƙarafunan motsa jiki na gwanjo. Cikinsu akwai wani inji mai kujera tana zamewa a kan dogon ƙarfe, da mariƙi a jikin sarƙa. Ya ce, "Yaya, wannan ai naka ne, tuƙi ne ba ruwa."

Gaskiya ya nuna mini yadda ake yi. Ka dasa tafin ƙafa a kan mataki, ka ja maɗauri ta kan gindin yatsu. Da diddige ake turawa, cinya ce mai aikin. Sai ƙafa ta miƙe ƙugu zai bi, sannan hannu ya jawo mariƙin zuwa ƙirji. Ni kuwa gani nake yaro na koya mini sana'ata. Ya sunkuya zai ɗaure mini ƙafa, na ture hannunsa.

"Ƙafata ba a ɗaure ta."

"Za ka sha ƙasa fa, Yaya."

"Kana goye nake tuƙi."

A ja na uku na fizga da ƙarfi kamar filafilin tuƙa kwale-kwale ne a hannuna. Ƙafafuna suka bar matakin, na kife ta baya, riga ta rufe mini fuska. Ashe wayarsa na sama tun farko.

Kafin Juma'a abin ya kai Rogo. Na je kasuwa, wani mahauci ya ce, "Sarkin ruwa, ya jiki?" Matata a wayar maƙwabciya ta gani. Na daina zama majalisa.

Injin bai yi mini laifi ba. Ja biyun farko ma sai da na ji bayana ya tuna ruwa, kuma har yau ina son in koma, kunya ta hana. Da tun ran nan na faɗa masa dalilina, da wataƙila ya ajiye wayar. Girman kai ya sa na yi shiru.

Da ya ji na ɗauke masa ƙafa sai ya zo gida, ya durƙusa a zaure yana murmushi.

"Haba Yaya, ai da wasa tsakaninmu."

Na ce, "Wanda muke tuƙi tare kafin in auri yayarka, raga ce ta harɗe masa ƙafa ranar da jirginmu ya kife. Ni na fito da gawarsa, da hannuna na warware ragar. Abin da ka tura wa mutane suke dariya ke nan. Tashi ka je."