Tabarmar Tela a Hanyar Tafki

Tela siriri ne kamar allurarsa, magana kuwa sai an ciro ta da ƙugiya. Duk ranar hutu yakan rufe shago, ya rataya wata jaka da ya harhaɗa da ƙyallayen mutane, ya nufi gandun dajin gwamnati da ke bayan gari. Ba ya farauta, ba ya saran itace. Zama yake ya kalli tsuntsaye, in zai dawo ya cika jakar da ledojin da 'yan shan iska suka watsar. Matarsa takan ce, "Maza na dawowa da nama, nawa da bola."

Wata damina ya gano zabuwar daji ta yi kwanci cikin ciyawa, daf da 'yar hanyar da ke gangarawa tafki. Ya rufe bakinsa, ko matar bai gaya wa ba.

Sai ga surukinsa, mijin 'yarsa, ya sayi mota, ya kwashi gidan kaf zuwa shan iska. Da suka kai inda ake ajiye motoci, bawan Allah ya ce ai tayarsa ba ta san wahala ba, har bakin ruwa zai kai su. Tela ya duba, ya ga tayar hagu kan ƙwan za ta bi. Ga kunyar suruki, bai taɓa ce wa yaron ko kanzil ba. Sai ya ce a tsaya, ya sauka, ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakiyar hanya, ya miƙe ƙafafu.

'Yarsa ta leƙo ta taga. "Baba, lafiya?"

"Nan ya fi iska."

"Malam, rana ce fa tsaka a kanka!" in ji matarsa.

"Ina sonta."

To wane ɗa ne zai danna wa uban matarsa hon? Suruki ya yi ta murza sitiyari yana gumi, daga bisani ya ja da baya. Aka ɗora kuloli a ka, aka taka a ƙasa, matar Tela na mita har tafki.

Da aka sake zuwa, matar Tela ce ta fara hango zabuwar ta ratsa hanya, 'yan tsaki na biye da ita tiɓi-tiɓi. Ta dubi Tela, ta dubi tabarmar da ke hammatarsa.

"Au, dama kai ne ungozoma?"

Tela ya sunkuya ya tsinci wata leda.