Man birkin da ya kai mu ƙauye

Shekarun baya can, a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin, ina koyarwa a wata firamare a Funtuwa, ina da aboki malamin gona. Shi ne ya sayi wata 'yar jar mota mai kujera biyu, marar rufi, a hannun wani Baturen auduga da zai koma ƙasarsu. Tun a lokacin ma motar ta kwana biyu. Ni keke gare ni, amma in ka ga yadda nake hakimcewa a kujerar gefe ina ɗaga wa mutane hannu, sai ka rantse tawa ce.

Abokina ba ya wasa da man birkin motar nan. Baturen ya ja masa kunne cewa nata daban ne, da man zurma ake haɗa shi, kuma in aka zuba mata wani iri, robobin cikin birkin za su kumbura su lalace. Daga Kaduna yake sa direbobin manyan motoci su kawo masa.

Wata damina birkin ya fara yoyo har man ya tsiyaye. Bakanike ya ɗaure wurin, amma man da ke gwangwanin abokina ya ƙare, saƙon Kaduna kuma bai iso ba. Sai ya jingine motar yana jira. Ana cikin haka wani ɗan'uwansa ya iso da safe daga ƙauyensu, can bayan Malumfashi, ya ce jikin tsoho, wato mahaifin abokina, ya yi tsanani, kuma sunan abokina yake ta kira.

Tsohon nan yana kan addinin kakanninsa. Tun da abokina ya bi 'yan mishan ya zama Kirista, uban ya daina amsa gaisuwarsa. Ko ya je gida, sai dai ya gaida mahaifiyarsa ya juyo. Shi ya sa da ya ji wai uban ke kiransa, ya ce lallai a ranar zai tafi.

Motar haya ba ta shiga wajensu sai ranar kasuwa, ranar kuwa da saura. Muka nufi wajen bakanike. Ya ce abin da yake da shi biyu ne: ruwan sabulu irin wanda direbobi ke zubawa in sun maƙale a daji, da kuma man tarakta.

"Ruwan sabulu ba ya cin roba," in ji shi, "amma in birki ya yi zafi a gangare zai iya sakinku. Man tarakta zai riƙe ku yau. Bayan yau kam, Malam, ban ce maka komai ba."

Na ce ko mu hau kekuna. Abokina ya ce kafin mu isa, rana ta faɗi, shi kuma bai san ko tsohon zai kai ba. Ya daɗe yana kallon motar, sannan ya ce, "Zuba na taraktar."

Mun isa lafiya. Muka tarar da tsohon kwance a kan tabarma, ya rame ƙwarai. Abokina ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu." Tsohon ya dube shi ya ce, "Ka zo?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma na ga mahaifiyar abokina ta juya baya tana share ido da gefen zane.

Muka yi 'yan kwanaki a can. Wata hantsi tsohon ya ɗan ji dama, ya ce yana so a kai shi ya ga dawarsa, don an ce ta fara fitar da kai. Ya ce, "A cikin jar abar nan taka za ka kai ni." Abokina ya tashi da murna kamar yaro. Muka tallabo tsohon muka zaunar da shi a kujerata.

Mota ta tashi, ya sa giya, ta yi gurnani, amma ko motsi. Robobin sun kumbura, birki ya kame tayoyin gam. Mazan gidan suka taru muka tura, tayoyin sai jan ƙasa suke yi. Abokina ya shiga ƙarƙashinta ya fito, hannu duk baƙi, ya rasa abin yi. Gonar da nisa, tsohon kuma ba zai iya zaman jaki ba.

"Bar ta," in ji tsohon. "Zo ka zauna."

Abokina ya koma mazauninsa. Muka ja da baya muka bar su. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, gabansu ba komai sai bangon rumbu. Na jiyo tsohon yana tambayarsa ko takin zamanin da suke raba wa manoma yana da kirki, shi kuma yana ba shi amsa. Sun jima a haka, har tsohon ya gaji aka mayar da shi ɗaki.

Bai sake fitowa ba. Ya rasu bai ga dawar ba.

Motar ma a nan ta ƙare. Robobinta sai an aika ƙasar waje, abokina kuwa bai taɓa aikawa ba. Ranar kasuwa muka hau bayan babbar mota muka koma Funtuwa.

Da daɗewa bayan haka na tambaye shi ko da ya fi a ce ruwan sabulun muka zuba. Ya ce ya sha tunanin haka. Wataƙila da tsohon ya ga gonarsa, wataƙila kuma da mu ba mu isa ba. Ya ce bai san wanne ba ne, kuma ya gaji da auna su.

Shi ma yanzu ya rasu. Ni ban ce na koyi wani babban darasi ba. Abin da ke damuna har yau shi ne, a duk tsawon shekarun da suka yi ba sa magana, abu ɗaya tak tsohon nan ya roƙi ɗansa, kuma ina tsaye ina kallo aka kasa yi masa.