Taku Hamsin a Gaban Kawu

Ranar Asabar ce, babu aiki. Na yi sallar asuba a masallacin lungunmu, na biya wajen ɗan Yaman mai gasa gurasar da suke kira tamis na sayo uku masu zafi da wake. Ƙarfe bakwai muna zaune a kan leda a ɗakinmu na unguwar Manfuha a Riyad, hawa na biyu. Mu huɗu ne. Ni Isiyaku, direba. Nuhu da Garba, leburorin gini. Sai Kawu Mamman, yayan mahaifiyata.

Kawu tela ne. Ya zo umra tun ina firamare, ya maƙale. Bai taɓa mallakar iƙama ba, wato katin izinin zama. Shekara ashirin da ɗoriya yana ɗinka jallabiya a kan keke ɗaya a kusurwar ɗaki. Gwiwarsa ta hagu ta sandare, jan ƙafar yake yi. Idan yana hawo matakala, tun daga ƙasa kake jin takalminsa yana shara siminti.

Wa'adin da aka ba baƙi na gyara takardu ya ƙare a makon nan, an kuma fara kame. Nuhu da Garba suna da kati, amma na wani kafil ne, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, da ko fuskarsa ba su sani ba. Ni kaɗai ne takarduna suke tsaf. Kawu kuwa ko kama shi aka yi, babu abin da zai nuna sai tafin hannu.

Dole in faɗi maganar littattafai, don a nan tsiyar ta faro. Shekara huɗu na tuƙa wani injiniya ɗan ƙasar Norwe. Da zai koma gida ya bar mini kwali guda na littattafan tarihin ƙasashensu, da Turanci. Wasu labarin mutanen da suka ratsa ƙanƙara da karnuka ne, wai sai sun ga ƙarshen duniya. Wasu na lokacin da sojan Jamus suka mamaye su, yadda aka ɓuya a duwatsu, yadda aka riƙa tsallakar da mutane zuwa Suwidin a ƙafa. Aikin direba rabinsa jira ne, don haka na karance su tas, wasu har sau biyu. Da yamma ina fassara wa Kawu yana ɗinki. Ya ce mutanen nan ba su da aikin yi, Allah ya ba su ɗaki mai ɗumi sun tafi neman sanyi. Amma da na yi shiru sai ya tsayar da keke ya ce, to sai kuma me ya faru?

A cikin ɗaya daga cikinsu akwai dokar masu tsallakar da mutane a cikin gari. Jagora yana gaba da taku hamsin. Ba a magana, ba a gaisawa. Kuma jagora ba ya waiwaye, ko me ya ji, domin waiwaye shi yake tona asirin na baya. Na ja layi da biro a ƙarƙashin wannan. Wallahi a raina gani nake na san abin da babu wanda ya sani a duk Manfuha.

Ƙarfe uku da minti ashirin, mun dawo daga la'asar ke nan. Ƙarar farko ta ƙofofin shaguna ce, na ƙarfe, ana jawo su ƙasa ɗaya bayan ɗaya. A Riyad kowa ya saba da wannan ƙarar, amma sai an kira salla. Wannan karon ba a kira komai ba. Kawu ya ɗaga ƙafarsa daga keke.

Sai ƙarar gilashi. Sai ihu da harshen Habashawa, maƙwabtanmu na ƙasa. Na leƙa ta taga. Mutane suna gudu daga wajen kudu, wasu da duwatsu a hannu, wasu da jarirai. A bayansu samarin gari ne da sanduna da bututun ƙarfe. Na ga wuƙa biyu. Wani mutum ya faɗi a ƙofar shagon da muke sayen madara. Suka rufe shi. Da suka wuce bai tashi ba.

Ba wanda yake tambayar ƙasarka. Baƙar fata kawai ake dubawa.

Ƙarfe huɗu aka fara dukan ƙofar gidan da ke jikin namu. Bugu uku, shiru, bugu uku. Muka ji katako ya tsage, mata suka kwarma ihu. Nuhu da Garba suka zura takalma suka haye rufi, za su bi ta saman gidaje. Garba ya dawo ya kama hannun Kawu. Kawu ya nuna masa gwiwarsa. Garba ya tafi yana kuka.

Motar kamfani tana can bakin babban titi, kusa da gidan mai, domin a lungunmu madubin mota ba ya kwana. Tafiyar minti goma sha biyar ce ga mai lafiya, sau biyar za a sha kwana. Idan na sa Kawu a mota, zan kai shi unguwar Nasim wajen wani abokina da ke gadin gida. Abin da ya rage ke nan, in kai shi mota.

Kawu ya ce mu fita tare, in riƙe shi a kafaɗa kamar yadda muke zuwa masallacin Juma'a. Na ƙi. Na ce baƙaƙe biyu a tare abin kallo ne. Na ce ni zan wuce gaba da taku hamsin, idan an tare ni zan nuna kati, suna fama da ni shi ya raɓe ya wuce. Na ce ba zan waiwayo ba, kada ya kira ni. A gidanmu yaro ba ya shiga gaban babba, yana baya ne da kaya a hannu. Tun da nake ban taɓa tafiya a gaban Kawu ba. Ya dube ni. Ya ce, "To, ɗan boko." Ya ɗauki farar jallabiyar wani da ya gama ɗinkawa ya saka, ya jefa maganin gwiwarsa a aljihu.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar muka fita. Lungu ya cika da takalman da aka zubar. Hayaƙin taya yana tasowa daga wajen kasuwa. Na ƙirga taku hamsin na rage sauri. Sai na ji shi a bayana. Shaf, shiru, shaf. Raina ya ɗan kwanta. Na ce ai ba na bukatar ido, kunne ya ishe ni.

Kwana ta farko, gefen masallaci. An kulle ƙofarsa, abin da ban taɓa gani ba. Kwana ta biyu, wajen masu gyaran firji. Wani dattijo ɗan Sudan yana zaune a ƙasa riƙe da kansa, jini yana bin yatsunsa. Na san shi, kullum muna gaisawa. Ya kira sunana. Na wuce kamar ban ji ba, don haka doka ta ce.

A kwana ta uku samarin nan masu sanduna suka tare ni. Su shida ne ko bakwai, babu wanda ya kai shekara ashirin da biyar.

"Waggif! Iƙama!"

Na tsaya na miƙa kati. Ɗaya ya juya shi gaba da baya. Wani ya sauke mini sanda a kafaɗa, haka kawai. Na durƙusa. Jiniya ta taso daga titi, biyu, uku, har ba na jin komai sai ita. Aka jefo mini katin a ƙasa.

"Yalla! Imshi!"

Na ɗauka na miƙe. Wuyana yana so ya juya, wallahi kamar ana jan sa da igiya. Na danne shi. Na ce a raina ga shi nan, dabara ta yi aiki, sun shagala da ni. Jiniya ta lafa. Na kasa kunne. Shaf, shiru, shaf. Na ce alhamdu lillahi, har na yi murmushi. Ku ji fa, murmushi na yi.

Kwana ta huɗu na ji harbi sau biyu, can nesa ta hagu. Mutane suka kwaso a guje suka wuce ni. Ban yi gudu ba, don kada in bar shi. Kwana ta biyar na hango gidan mai. Ƙarar tana nan a bayana, ba ta matso ba, ba ta yi nisa ba.

Ƙarfe biyar saura minti goma na isa mota. Na buɗe ƙofar baya tukuna. Sannan na waiwaya.

Wata mata ce Bahabashiya. Tana jan akwati mai taya ɗaya, ɗayar ta karye, gefen yana shara kwalta. Za ta ja, ta huta, ta ja. Ta ga mutum yana tafiya a natse kamar ya san hanya, ta biyo shi. Bayanta babu kowa sai titi.

Na daka mata tsawa da Hausa, Allah ya yafe mini. Na ce ina tsohon, ina mai farar riga? Ta ƙanƙame akwatinta tana kallona. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Na koma a guje. A bakin kwana ta biyar an riga an gitta motocin jami'an tsaro da manyan bas-bas. Ana fitowa, ba a shiga. Na nuna kati, na ce kawuna yana ciki, tsoho ne, gurgu ne.

"Irja'! Irja'!"

Aka tura ni baya da tafin hannu. Na kira wayarsa. Ta yi ƙara har ta katse. Na sake kira, na sake. A kira na tara aka ce a kashe take.

Na tsaya jikin mota ina duba duk mai farar riga. A garin nan kuwa kowa farar riga gare shi. Aka kira magariba, ban yi ba. Bas ta farko ta fito cike da mutane, na bi ta da gudu ina leƙen tagogi. Ta biyu ma haka. Da duhu ya fara aka kore mu daga bakin titi. Na tuƙa zuwa Nasim, ƙofar baya tana kaɗawa, sai a wajen danja wani ya yi mini hon na sauka na rufe.

Washegari ƙarfe bakwai na shiga Manfuha. An ɓalle ƙofarmu. Keken ɗinki yana kife a ƙasa. Na bi hanyar daga farko, kwana bayan kwana, ina tambayar duk wanda ya buɗe shago. Babu wanda ya ga komai. Ɗan Sudan ɗin nan yana nan da rawanin bandeji. Ya ce ya ga Kawu ya wuce shi, har ya tsaya ya yi masa sannu. Iyakar abin da na samu ke nan. Ya wuce kwana ta biyu.

Na je asibitoci huɗu. Na je inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Ko'ina tambaya ɗaya ce, lambar iƙama. Mutumin da ba shi da lamba ba a san ta inda za a neme shi ba. A ofishin jakadancinmu sun saurare ni, sun rubuta sunansa da sunan garinmu. Bayan mako bakwai Nuhu ya kira ni daga Kano, an kama su an mayar da su gida shi da Garba. Ya ce sun duba a sansanin da aka tsare su iya ƙarfinsu, mutane ne kamar ƙasa, ba su gan shi ba.

Na buɗe littafin nan sau ɗaya bayan haka. A ƙarshensa akwai shafi biyu na sunaye, waɗanda suka bi jagora ba su isa ba. Sau biyu na karanta littafin, sau biyu na tsallake waɗannan shafukan, don suna ne kawai, babu labari.

Na gaya wa Inna, mahaifiyata, komai a waya, ban rage ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta hana a zauna karɓar gaisuwa, ta ce ba ta ga gawa ba. Ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa salla ba, ba sadakar uku, ba ta arba'in. A shekara ta huɗu ita ma ta rasu.

Ina nan a Riyad, ina tuƙi. Na ƙi komawa gida, ko zai kira. Shekara shida ke nan.

Kawu ya bar 'ya ɗaya a gida, tana goye lokacin da ya taho. Watan jiya ta haifi namiji, za a sa masa sunan kakansa. Ranar suna da safe mijinta ya kira ni. Ya ce liman yana tambaya, idan an zo addu'a, a ce Allah ya jiƙan mai sunan ne, ko a ce Allah ya dawo da shi? Ya ce ni ne na ƙarshe da ya gan shi, ni zan faɗa.

Na ce ban gan shi ba. Minti ashirin da biyar muka yi a hanya, kwana biyar, ban dube shi ba ko sau ɗaya. Yana jiran amsa. Ina jin mutane a bayansa suna gyara tabarmi.