Ranar da Dattawan Coci Suka Ƙetare Zaurenmu

Abin da na fara gani da na dawo daga makaranta shi ne sawun takalma a kan yashin zaure. Manyan takalma sau-ciki ne na maza, mutum biyu, kuma sawun ya shiga bai fito ba. A bangon zauren an rubuta BA A SHIGA da shuɗin fenti, domin gidan wani Alhaji ne mai sayar da hatsi a Ƙofar Sauri, kuma matarsa tana kulle. Ni da Mama muna haya a ɗakin da ke kusa da rijiya.

Wata huɗu ke nan da Mama ta bar cocinmu. Ƙaramin coci ne, dattawansa kan bi mutanensu gida-gida, su bibbiyu, da farar riga da baƙin wando. Bayan rasuwar mahaifina Mama ta ce ta daina yarda da abin da suke koyarwa, ta kuma gaji da tuhumarsu a kan abin da ta sha da abin da ta sa. Sau biyar suna zuwa su aiko a yi sallama da ita, tana ƙin fita. Ranar nan ba su aiko ba, shigowa suka yi.

Na same su tsaye a ƙofar ɗakinmu. Babbansu, mai furfura da tabarau, ya yaye labule ya riƙe.

"'Yar'uwa, mu muka binne mijinki," in ji shi. "Yana can yana jiranki. In kin bar mu, ke da shi har abada."

Mama ta ce, "Baba, na faɗa maku na gama. Ku fita tun ba a gan ku ba."

Ba ta rufe baki ba Hajiya matar gidan ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji. Ta yar da bokiti ta ƙwala ihu.

"Wayyo jama'a! Ƙarti cikin gida! Kwarto!"

'Yan acaɓan bakin layi ne suka fara shigowa, sai leburori, farar ƙura duk a kafaɗunsu. Ɗayan dattijon ya haura katanga ta bayan banɗaki, ya bar takalmi ɗaya. Mai furfurar bai iya gudu ba. Wani ya shaƙe shi ta kwalar riga, maɓallai suka watse a ƙasa, ɗaya ya gangaro har ƙafata. Mari na farko ya cire masa tabarau, aka taka tabarau ɗin. Suka ja shi ta ƙafa ta cikin zaure, kansa yana bugun dokin ƙofa.

A waje aka sa masa bel da itacen girki. Wani ya ɗauko taɓaryar Hajiya. Ina maƙale a bango da jakata a baya, ina kallon farar rigar tana rinewa daga wuya zuwa aljihu. Dattijon ya daina kare kansa. Sai na ji wata murya ta ce a tsiyayo fetur daga babur.

Mama ta fito a guje ko ɗankwali babu, ta faɗa a kansa. Taɓaryar da aka ɗaga ta sauka a kafaɗarta. Har yau ina jin ƙarar.

"Na san shi!" take cewa. "Ba kwarto ba ne! Wurina ya zo!"

"Wurinki? To mi ya hana shi sallama?" in ji mai taɓaryar.

"Da ƙaton tabarau ɗin nan bai ga rubutu ba?" wani ya ce, wasu suka yi dariya.

Daga bayan ƙofa Hajiya ta ɗaga murya. "Ku bar shi hakanan! Kar ku kashe mani mutum a ƙofar gida!"

Suka watse a hankali, suna zagi, suna kakkaɓe hannu.

Muka jingina shi a dakali. Na kawo ruwa a buta, ya kurkure baki, ya tofar da jini da guntun haƙori. Hannun Mama na hagu yana lilo, ba ta iya ɗaga shi. Da numfashinsa ya dawo, sai ya kama gefen zaninta.

"Kin gani, 'yar'uwa? Da zuciyarki ta bar mu, da ba ki kwanta a kaina ba. Ran Lahadi zan turo mata biyu su taho da ke."

Leɓen Mama na ƙasa yana rawa, kuma na san wannan rawar. Haka yake yi duk lokacin da ta gaji har za ta ce to.

Ni ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Na ajiye butar, na durƙusa a gabansa kamar yadda aka koya mini, idona a kan gwiwarsa da ta kumbura.

"Baba," na ce, "don Allah ku sakar mata zani. Kada ku turo kowa ran Lahadi."