Fuskoki Bakwai a Takarda Ɗaya

A shekarun da gabas ta rikice, ina aikin tsara katin biki da kalanda a wani ɗan shago a bakin titin Ungogo. Wata rana da hantsi wani dattijo ya shigo. Na san shi da gani, mutumin gabas ne da ya daɗe yana noma a bayan Bacirawa. Ya ciro hoton sallah daga leda ya ajiye mini, mutum bakwai a ƙofar gida. Ya ce ƙaninsa ne da matarsa da yara biyar, tun da aka tashi garinsu ba a ji ɗuriyarsu ba. Takardar cigiya yake so, zai manna a tashoshin mota da sansanonin 'yan gudun hijira.

Na yanko fuskokin a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙara musu girma sai suka dishe, dole na bar su ƙanana. Ya ce kada in sa fure ko launi irin na katin aure. Na rubuta CIGIYA da manyan baƙaƙe masu kauri a sama, iyayen a layin farko, yaran a ƙasa bisa shekaru, kowa da sunansa. Salon rubutun da nake da shi ba shi da ɗ da ƙ, sai na buga d da k, na bi kowane kwafi da baƙin biro ina yi musu ƙugiya. Yana zaune yana jira har na gama.

Bayan wata biyu ya dawo, ya ce a cire matar, an samu wanda ya ga jana'izarta. Na cire ta, na jawo mijin tsakiya don layin ya daidaita. Ya daɗe yana kallo.

"Mayar da shi inda yake, 'yata," in ji shi. "Ki bar wurinta haka."

Da kaka aka cire samari biyu. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Mai shagon ya ce takardar ta karkace, duk farin fili, ba ta yi kama da aikinmu ba. Haka na buga ta.

Sai ga shi wata rana da yarinya mai kimanin shekara goma sha biyu, siririya, ba ta ɗaga kai. Ta tsakiyar yaran ce, an same ta da rai a wani sansani. Ina cikin cire hotonta ta nuna fuskar ƙarshe da yatsa, ta yi magana a hankali da yarensu. Dattijon ya zauna a kan benci. Can ya fassara mini: waccan 'yar maƙwabta ce da ta shigo hoton. Ranar, autarsu tana goye a bayan uwar, ba ta fito a hoton ba. Shi kuwa bai taɓa ganin autar ba. Kusan shekara guda yana yawo da fuskar 'yar wasu.

Na tambaye shi ko in cire ta. Ya ce a'a, ita ma tana da masu nemanta, in dai goge sunan. Sunan autar kuma na sa shi a gefe shi kaɗai, babu hoto a kansa.

Sau biyu ya ƙara zuwa a buga masa. Ya rasu da damina, ba a samu ko ɗaya daga cikin sauran ba. Yarinyar tana hannun babban ɗansa, can a gonar.