Zubaida da Fayil ɗin da Ta Ƙi Gogewa

"Ba zan goge ba, Alhaji."

Haka Zubaida Haladu ta ce wa manajansu, Alhaji Maikasuwa, da hantsi, a gaban ma'aikata. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

Kamfaninsu ƙarami ne a Kazaure. Suna da babbar na'ura guda, a cikinta ake ƙirƙirar ƙananan kwamfutoci marasa gangar jiki, kowacce da mai ita: makarantu da asibitocin Roni, Gwiwa da Babura. Zubaida ke kula da su. Kullum ita ke fara shiga ɗakin na'urar, ta duba batiran sola, ta taɓa bayan na'urar ta ji zafinta, sannan ta zauna.

Wani ƙaramin asibiti a Roni ya rufe don gyaran gini, kwamfutarsa ta daɗe a kashe, Alhaji ya ce a cire ta daga tsarin. Wannan ba laifi ba ne. Amma kowacce tana da ɗan fayil na saitin tashi, shi ke gaya mata ta inda za ta kunnu. In za a cire ta, na'urar kan tsaya sai an zaɓa: a goge fayil ɗin ko a bar shi. In aka goge, bayanan marasa lafiya suna nan, amma kwamfutar na iya ƙin tashi.

"Share komai, ba na son tarkace," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, zan cire ta. Fayil ɗin kam na masu asibiti ne. Su ce a goge, in goge."

"To fa! Ashe Roni ce ta ɗauke ki aiki?"

Aka yi dariya. Salisu, abokin aikinta, ya raɗa mata, "Ke dai danna kawai, wa zai sani?"

"Ni," in ji ta.

Ta cire kwamfutar, ta adana fayil ɗin. Kafin sati ya zagayo aka mayar da ita shagonsu na Babura, gyaran firinta. Bayan damina asibitin ya buɗe, Salisu ya mayar da kwamfutar, ta tashi lafiya lau, masu awon ciki suka tarar da bayanansu. Ba wanda ya kira Zubaida.

Zubaida, ke ce mai tsayawa inda ba mai tafa miki. Mu da muka yi aji ɗaya da ke, an sha gaya mana wannan aiki ba na mata ba ne. Ba mu saurara ba, ba kuma za mu ba da haƙuri ba. Mun gode. Duk mai riƙe da kayan wani, ya tambayi mai shi kafin ya danna.

Amma mai yin hakan ya san abin da ke biye. Kujerar Zubaida Salisu ne a kai. Ita tana Babura har yau, hannunta baƙi ƙirin da tawada.